Yadda Ake Shirya Tafiya Lakwaja Kai Kaɗai Daga Zariya

Sarakunan Zazzau biyu a Lakwaja suka ƙare rayuwarsu. Sarki Kwasau, wanda Turawa suka tuɓe bayan sun shigo Zariya a 1902, a can ya rasu a 1907. Wanda ya gaje shi, Aliyu Ɗan Sidi, sarki kuma gwanin rubuta waƙa, ya riƙe Zazzau daga 1903 zuwa 1920, shi ma aka tuɓe shi aka kai shi can, Allah Ya karɓi ransa a 1924. Sarkin Kano Alu Maisango ma a garin ya cika a 1926. Duk da haka, yawancinmu abin da muka sani game da Lakwaja shi ne wurin da mota ke tsayawa a ci abinci a kan hanyar Anaca ko Benin. Wannan yana damuna, domin gari ne da ya cancanci Bazazzage ya yi niyyarsa musamman, ya kwana uku, ya dawo. Idan ka tsaya jiran abokan tafiya, wannan ya ce sai bayan albashi, wancan ya ce sai bayan salla, ba za ka je ba. Mutum ɗaya yana iya yin ta lafiya lau in ya tsara ta yadda rana ba za ta faɗi masa a kan hanya ko a kan ruwa ba.

Mataki na farko: zaɓi wata kafin ka zaɓi mota

Lakwaja tana daidai inda Kogin Kwara da Binuwai suka haɗu, kuma ruwa ne ke yanke hukuncin lokacin zuwa. Kwara ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo ta Kebbi ya bi ta Yawuri da Jebba, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuwa daga Kamaru ya fito, ya bi ta Garwa, Yola, Numan da Makurdi. A watannin Satumba da Oktoba dukansu suna cika maƙil, musamman in an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. A 2012 da 2022 ruwa ya haye babban titi a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya. Saboda haka ka cire waɗannan watanni biyu daga lissafinka.

Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma zafi ne, irin mai haɗe da gumi, wanda ko a inuwa riga sai ta manne maka a jiki. Wanda ya saba da iskar Samaru zai jigata. Ƙarshen Disamba hanya tana cushewa da masu tafiya kudu bikin Kirsimeti, kuɗin mota da na ɗaki duk su tashi. A ganina Nuwamba ya fi kowane wata: ruwa ya fara janyewa amma kogi na nan da cikarsa, hazon hunturu bai yi kaurin da zai rufe maka gani daga kan dutse ba. Janairu ma ba laifi in ka yarda da hazo.

Ka tashi ranar Litinin ko Talata, domin gidan tarihi da ofisoshin gwamnati a ranakun aiki aka fi samun mutanen da za su buɗe maka su yi maka bayani.

Mataki na biyu: samu mutum a can tun kana nan

Wannan ya fi kuɗi muhimmanci, kuma a Zariya ba shi da wuya. Ka shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kawo manja da doya daga kudu, ko ka zauna da direbobin manyan motoci, ko ka tambayi ɗaliban jihar Kogi da ke karatu a Samaru da Kongo. Da wuya ka yini kana tambaya ba ka samu wanda ke da ɗan'uwa ko aboki a Lakwaja ba. Ba wai ka sauka a gidansa ba ne. Abin da kake so shi ne lambar waya ɗaya ta mutumin da ya san da zuwanka, wanda zai gaya maka halin da hanya take ciki a wannan makon, ya nuna maka masauki mai mutunci, ya haɗa ka da ɗan acaba da matuƙin jirgi da ya yarda da su. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

A gida kuma ka zaɓi mutum ɗaya, mahaifi ko yaya ko matarka, ka rubuta masa tsarin tafiyar a takarda: ranar tashi, garuruwan da za ka canja mota, lambar mutuminka na Lakwaja, ranar dawowa. Ku yi alƙawarin lokutan waya, misali in ka isa Kaduna, in ka isa Zuba, in ka sauka. 'Yar'uwar da ke son wannan tafiya, ke ma duk abin da ke nan ya shafe ki, sai dai maganar muharrami da gidan da za ki sauka ku kammala ta a gida tun kafin a fara zancen mota.

Mataki na uku: guzuri

Jaka ɗaya ta goyo ta isa. Kaya marasa nauyi na auduga kala uku, takalmi mai riƙe ƙafa saboda hawan dutse, silifa, hula ko malafa, darduma ƙarama, buta in kana da mai naɗewa, tocila, caja da fawabanki. Bakin kogi gidan sauro ne, don haka ka ɗauki man shafawa na korar sauro ko gidan sauro ƙarami. In kana shan wani magani kullum, ka ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiyar. Katin shaida ko takardar NIN su kasance a aljihun gaba, domin akwai shingayen jami'an tsaro da yawa a hanya, kuma mai tafiya shi kaɗai an fi yi masa tambaya.

Kuɗin mota yana canjawa da farashin mai, saboda haka ka leƙa tasha kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya ka ji da kunnenka. Ka lissafa mota zuwa da dawowa, ɗaki na kwana uku, abinci, acaba, jirgin ruwa, da ɗan abin da za ka ba masu yi maka jagora, sannan ka ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai don abin da ba a zata ba. Ka raba shi gida uku: canji ƙanana a aljihu, wani a ƙasan jaka, sauran a asusu. Masu POS suna ko'ina, amma matuƙin kwalekwale tsabar kuɗi yake so.

Tafiyar ta zarce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma a mazhabar Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana ci gaba da ƙasaru a garin da ya sauka. In ka bi limamin gari kuwa, sai ka cika.

Mataki na huɗu: hanya

Daga Zariya zuwa Lakwaja ya haura kilomita 400, kuma tafiyar gaɓa uku ce: Zariya zuwa Kaduna, Kaduna zuwa Zuba, sannan Zuba ko Gwagwalada zuwa Lakwaja. Wani lokaci akan samu motar da za ta wuce kudu kai tsaye ta sauke ka a Lakwaja, amma irin waɗannan sukan daɗe ba su cika ba, wasu kuma da yamma suke tashi su kwana suna tafiya. Mai tafiya shi kaɗai ba ya shiga motar dare a wannan hanya. Kowa ya san abin da hanyar Kaduna zuwa Abuja ta gani na masu garkuwa da mutane, ita ma ta Abuja zuwa Lakwaja ba ta tsira ba.

Ka yi sallar asuba ka nufi Kwangila. Ka shiga motar da ke lodi a cikin tasha, wadda 'yan kamasho ke rubuta sunayen fasinjoji. In an miƙo maka takardar, ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda ka bari a gida, kada ka yi zane kawai ka miƙa gaba kamar yadda wasu ke yi. Kafin ka zauna ka zagaya ka dubi tayoyi, ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida. In an cika but da kaya har an ɗaure shi da igiya yana rinjayar baya, ka haƙura ka jira ta gaba. Haka za ka yi a Kaduna, haka a Zuba. A Zuba musamman, kada arha ta ja ka zuwa motar da ta tsaya a bakin titi tana kiran fasinja. A irinsu ake yi wa mutane fashi.

Wanda ya fi natsuwa da jirgin ƙasa sai ya sauka Kaduna ya wuce tashar Rigasa, ya hau jirgin Abuja da aka buɗe a 2016. Tikiti ta intanet ake saye, ana neman lambar NIN, kuma yana ƙarewa da wuri, don haka ka saya tun kana gida ka tabbatar da lokacin tashi. Ka sauka a Kubwa, ta fi Idu kusa da Zuba.

Daga Gwagwalada za ka bi ta Kwali, Abaji, Koton Ƙarfe, sannan gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, inda za ka fara ganin faɗin Kwara. In ka samu zaɓi, ka zauna kusa da taga. Ruwan da ke ƙarƙashinka akwai namu a ciki: Kubanni tana zuba a Galma, Galma ta zuba a Kogin Kaduna, shi kuma ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe.

Doka ɗaya za ka kafa wa kanka, kada ka karya ta: in la'asar ta same ka ba ka bar Zuba ko Gwagwalada ba, ka kwana a nan. Aikin titi, hatsarin tirela ko cunkoso suna iya cinye maka awa biyu ba zato. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya ba komai ba ne.

Mataki na biyar: masauki

Yawancin motoci a Natako ko Felele suke saukewa. Ka kira mutuminka tun daga Koton Ƙarfe. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka ce a nuna maka shi: ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka gwada sakata, ka dubi ragar taga, ka tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta kuma ƙarfe nawa ake kashewa. A Lakwaja ɗakin da ba wuta da dare azaba ne. Ka biya na kwana ɗaya tukuna. Ka tambayi alƙibla, domin ka yi kudu sosai, gabas ɗin ta ɗan karkata arewa fiye da yadda ka saba.

Harshe ba zai ba ka wahala ba. Garin na Oworo ne da Nufawa da Kakanda da Igbira da Igala da Basa da Yarabawa da Hausawa, kuma Hausa tana tafiya sosai a kasuwa da bakin ruwa da tsohon gari. Inda ba ta yi ba, Turancin buroka zai fisshe ka.

Mataki na shida: fara da Kabawa

Safiyar farko ta sarakuna ce. Kaburburansu suna cikin tsohon gari, wajen unguwar Kabawa da kewayenta, a tsakiyar gidajen mutane, ba wuri ne da za ka shiga da waya a hannu kana ɗaukar bidiyo ba. Ka sa doguwar riga da hula, ka nemi dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci ko ƙofar gidan mai unguwa, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaishe su sosai kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Kalma kaɗan ta isa:

"Baba, daga Zariya nake. Na zo ziyarar kabarin Sarkin Zazzau ne, in da hali a haɗa ni da wanda zai nuna mini."

Sau da yawa abin da za ka ji shi ne, "Madalla, sannu da zuwa, ya mutanen Zazzau?" sannan a kira yaro ya raka ka. In an ce ka jira mai kula da wurin, ka jira. In ka isa, ka yi sallama irin ta ziyarar maƙabarta, ka yi musu addu'a, kada ka taka kabari, kada ka ɗauki hoto sai ka nemi izini. Ka yi wa yaron da ya raka ka alheri, ka koma ka yi wa dattawan sallama. Kada ka yi gaggawar tashi in sun buɗe hira, domin a bakinsu za ka ji yadda aka zauna da waɗannan sarakuna, da zuriyar waɗanda suka biyo su suka zama 'yan gari. Abin da aka gaya maka ka rubuta shi a matsayin abin da aka gaya maka, da sunan unguwar da ka ji shi.

Ka tuna dalilin da ya sa aka zaɓi wannan gari. A lokacin Lakwaja tana cikin manyan cibiyoyin Turawa: akwai barikin soja, akwai jiragen ruwa, kuma ta yi nisa da duk wanda zai iya taruwa a bayan sarkin da aka tuɓe. Mutumin da ya saba da ganuwar Zazzau da hawan salla aka ajiye shi a bakin ruwa, cikin zafin da bai sani ba, har ƙarshen ransa. In ka tsaya a wurin da tsakar rana, gumi na zuba, za ka fahimci hukuncin fiye da yadda aji ya koya maka. Sarautar garin ita ce Maigarin Lakwaja. In mutuminka yana da hanya a fada, gaisuwa a can tana buɗe ƙofofi.

Da rana ka huta. Da la'asar ka zaga tsohuwar kasuwa da bakin kogi ka ga yadda ake sauke kifi da doya.

Mataki na bakwai: Dutsen Patti da kayan Turawa

Kashegari ka yi sammako zuwa Dutsen Patti, wanda tsayinsa ya haura mita 400. Akwai titi mai lanƙwasa da ke hawa har sama. Ka ɗauki ɗan acaban da aka haɗa ka da shi, ku yi ciniki na zuwa da jira da dawowa, ka riƙe ruwan sha. Kada ka hau da yamma kai kaɗai. A sama akwai ɗan gidan hutawar Gwamna Lugga, kuma daga nan ne za ka ga garin a shimfiɗe da kogunan biyu suna haɗuwa. Masu jagora za su ce maka a nan Flora Shaw, wata Baturiya 'yar jarida, ta tsaya ta raɗa wa ƙasar nan suna. Abin da ke rubuce shi ne ta kawo shawarar sunan Najeriya a jaridar The Times ta Landan a Janairun 1897, ta kuma auri Lugga a 1902.

In ka sauko, sauran wuraren suna kusa da juna. Akwai gidan tarihin mulkin mallaka da ke cikin ɗaya daga tsofaffin gidajen katako na Turawa. Akwai alamar wurin da aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, ranar da aka shelanta mulkin Turawa a kan Arewa, tun kafin su ci yawancin garuruwanta. Daga baya hedikwata ta koma Zungeru, sannan Kaduna a 1917. Akwai maƙabartar Turawa, da ginshiƙin tunawa da sojojin yaƙin duniya, da makarantar Holy Trinity ta zamanin Bishop Ajayi Crowther, wadda ake lissafa ta a matsayin firamare ta farko a Arewa. A harabarta akwai ƙarafan da ake cewa bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Ka tambayi labarin Dokta Baikie, likitan da ya kafa zangon Turawa a nan wajen 1860, ya koyi Hausa, ya yi tafiya daga Bida har Kano a 1862. Tsohon gidan Lugga na cikin gari yana harabar gidan gwamnatin jihar Kogi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, saboda haka kada ka ɗaga waya a ƙofar ba tare da izinin masu gadi ba.

Mataki na takwas: shiga ruwa

A nan ne ya kamata ka fi taurin kai. Da safe ake shiga, kafin iska ta tashi. Ka je bakin ruwa tare da mutuminka ko wanda ya wakilta, a Ganaja ko mashigar da ya fi amincewa da ita. Ka nemi jirgi mai inji, ku daidaita kuɗin zuwa mahaɗa da dawowa da tsawon lokacin da za a tsaya, kuma rabin kuɗi za ka bayar, sauran sai an dawo tudu. Ka leƙa cikin jirgin: in ka ga yaro zaune da roba yana ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, nemi wani. Sannan rigar ceto. Ka karɓa ka saka, ka ɗaure igiyoyinta har ta kama ƙirji, ka ja kafaɗunta sama ka gani. In ta zame ta rufe maka kunne, ta yi maka yawa, a canja. In matuƙi ya ce, "Haba Malam, ai nan kusa ne," ka ce masa, "Na sani, maigida, amma ba na shiga sai da ita." Hedikwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa a Lakwaja take, kuma dokarta ta hana tafiyar dare ta wajabta rigar. Yawancin jiragen da muke jin sun kife a Kwara, lodi ya yi musu yawa ne, ko dare ya yi, ko babu riguna.

Waya a cikin leda ɗaure, takalmi a ƙasa, kai kuma a zaune. Kada ka miƙe don hoto, kada ka sauka iyo ko da ka iya, domin ruwan mahaɗa yana juyawa ta ƙasa. In an isa, ka roƙi matuƙi ya rage wuta. Idan ruwa ya kwanta za ka ga launin kogunan biyu ya bambanta, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Ka tambaye shi sunayen garuruwan ƙetare, irin su Shintaku da Gbobe, da irin kifin da ake kamawa a wannan wata.

Abinci kuwa kifi ne sarki: farfesu, gasasshe, ko a miya da sakwara. Ka ci inda ake dafawa a gabanka kuma mutane suka yi yawa. In miya da nama ce, ka tambayi wane nama ne kuma wa ya yanka, ba abin kunya ba ne. Ruwan leda ko na gora kawai za ka sha.

Mataki na tara: tsaraba da komawa

Da yammacin ranar ƙarshe ka sayi tsaraba, kada ka bar ta sai safiya. Busasshen kifi shi ne abin da za a fi yi maka murna da shi a gida. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka karya gefen ɗaya ka duba ciki: in ya bushe sosai zai karye da ƙara, in ka ga gari-gari yana zubowa ƙwari sun shiga. A naɗe maka a takarda a sa a kwali, ba a leda ba, don leda tana sa shi gumi ya yi wari kafin Kaduna. Manja in za ka saya, a jarka mai murfin ciki, a ɗaure bakin da leda, a sa a but. Ka biya kuɗin ɗaki tun dare, ka je ka yi wa mutuminka godiya da ɗan abin da ka riƙo masa daga Zariya, ka caja waya da fawabanki.

Da asuba ka kasance a tasha, ka shiga motar farko mai zuwa Zuba. In ka isa kafin azahar, ka wuce Kaduna kai tsaye. In kuwa hanya ta riƙe ka har la'asar ta yi, dokar zuwa ita ce ta dawowa: ka kira gida ka ce sai gobe, ka nemi ɗaki.